Baƙin Mai Na Babur Ɗin Marigayi

"Ama, kin ci kin ƙoshi?"

"Na ƙoshi da ganin fuskarka. Ina saƙona?"

Ni dai ina rumfata ina zuba madarar waken soya, kunnena yana gidan Ama Giok. A ƙauyenmu na kudancin Taiwan, in tsohuwar nan da jikanta Atek suka haɗu, ko talabijin ba ka nema.

Ranar sharar kaburbura ce. Lokacin da mijinta, Agong, ya rasu, an ƙona masa babur na takarda irin nasa sak, bisa al'adarmu, don kada ya sha tafiyar ƙasa a lahira. To shekaranjiya ta yi mafarkinsa yana tura babur ɗin yana zufa, shi ne ta aiki Atek shagon kayan takarda ya sayo galan ɗin baƙin mai na takarda a ƙona masa. Babur ɗin gaske kuwa yana bayan gida cikin tamfol. Ɗanta, uban Atek, ya ce mataccen ƙarfe ne, gobe mai gwangwan zai zo ya ɗauke. Tun da ta ji haka ba ta yarda da kowa a gidan ba.

Ta juya galan ɗin takardar, ta ƙanƙance ido.

"Wannan fa? Lamba hamsin? Mai kauri? Na ce maka irin na zamani, mai ruwa-ruwa, wanda ake zuba wa sababbi."

"Ama, tsohon inji ba ya shan mai ruwa-ruwa."

"Sabo dal muka ƙona masa!"

"Yaushe? Tun ina makaranta fa. Kuma kin san Agong, ko a can ba zai bar hawan tudu ba. Inji in ya tsufa komai nasa saki yake yi, kamar haƙoranki. Ki zuba masa tsinkakken mai, ya bi ta kafofi ya ƙone."

"Haƙorana sun girmi ubanka, mara kunya. Kai da ba ka bambance baƙin mai da man riɗi, yau kai ne bakanike?"

"Tsohuwa da kunu mai kauri, tsohon babur da mai mai kauri. Ina abin wuya a nan?"

"Ruwa ba ya tsami banza. Miƙo hannunka."

"Duba za ki yi mini?"

"Miƙo, mijin banza!"

Ya miƙa. Wallahi daga inda nake ina hango baƙin da ke ƙarƙashin faratansa. Ta shinshina, ta ja da baya.

"Biri ya yi kama da mutum! Me ya rage a jakar nan?"

"Lemo ne da turare."

"Lemon ne yake sa kafaɗarka ta karkace?"

Ta fizge jakar. Sai ga wani galan, na gaske, rabi ya tafi. Nan fa murmushi ya bar fuskarta.

"Ashe kai ne ɗan leƙen asirin ubanka. In ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. Kana goge shi kana shafa masa mai don mai gwangwan ya ƙara muku kuɗi, ko? A bayan babur ɗin nan aka kawo ni garin nan. A kansa aka kai ubanka asibiti yana shiɗewa. Ku sayar da ni mana ku huta."

"Wa zai saye ki? Mai gwangwan ma cewa zai yi ki ƙaro masa."

"Kar ka mai da ni abokiyar wasanka yau!"

"To wace ce ke in ba ita ba? Ama, makon jiya da kika yi ta zagin maƙwabciya wai tana ƙona shara hayaƙi ya cika miki ɗaki..."

Maƙwabciyar nan ni ce. Na sha zagi har kakannina, ban san hawa ba ban san sauka ba.

"...ni ne. Na zuba wa babur ɗin irin na zamanin naki, ya yi ta tari yana aman hayaƙi. Na juye, na koma mai kauri."

"Ƙarya! Makulli yana wuyana."

"Na biyun yana cikin gwangwanin shayin Agong, inda yake ɓoye sigarin da kike cewa ya daina sha."

"Kai! Har da mamaci za ka tona wa asiri?"

"Baba cewa ya yi mataccen ƙarfe za a ɗauka. Bai ce mai rai ba."

Ta kalle shi, har yanzu ba ta yarda ba.

"Gani ya kori ji," in ji ta.

Ya janye tamfol, ya turo shi tsakar gida. Ya buga kiki, shiru. Ya sake, shiru.

"Ka gani? Ƙafar taka kamar taliya. Kakanka da tsinin yatsa yake tayar da shi."

A na gaba ya kama. Tuf-tuf-tuf, a natse, ba hayaƙi. Ni kaina sai da ludayi ya kusa faɗo mini, don duk layin nan mun san wannan ƙarar, da ita muke sanin Agong ya dawo daga gona. Ama ta dafa ƙofa. Tausayinta ya kama ni, na yafe mata zagin da ta yi mini.

"Kuka kike yi, amaryata?"

"Hayaƙinka ne ya shiga idona."

"Babu hayaƙi."

Sai dariya ta ƙwace mata. Ta ciro zaren wuyanta da makullin, ta jefe shi da shi a ƙirji.

"Ungo, ɓarawo. Ka ce wa ubanka ya aiko mai gwangwan, ina da tsohuwar tukunya."

Ta rungumi galan ɗin takarda, ta tattare siket, ta hau baya a karkace yadda matan da suke hawa.

"Mai kaurin za mu ƙona masa?" in ji Atek.

"Shi za mu ƙona. Amma in mun isa kabarin kar ka kashe injin. Ka bar kakanka ya ji da kunnensa."