Takalmin Nafi'u a Layi

Duk sakatariyar ƙaramar hukumarmu babu wanda bai san bakin Nafi'u ba. Kwas ɗin mako uku ya yi a Abuja kan gyaran tsarin aikin gwamnati, amma in yana ba da labari sai ka rantse shi ya tsara wa tururuwa tafiya a jere.

Aka ɗauke shi gwaji a ofishin takardar haihuwa. A nan mutane takalmansu suke jerawa a layi, su koma inuwar darbejiya suna hira har a zo kansu. Nafi'u ya gani ya riƙe haɓa.

"Takalmi ke bin layi, mutum na zaune? Daga yau an gama."

Ya kawo wata na'ura mai fitar da lamba, ya kafa a bakin ƙofa. Ya kira Baba Tanimu maigadi.

"Baba, wanda ba shi da lamba kada ya shiga. Ko ni ne."

"Ko kai ne, yallaɓai?"

"Ko ni ne."

Akwai Bara'atu, mai buga hatimi, wadda Nafi'u yake yawan leƙa tagarta ba dalili. Ya ce mata ran Litinin Ciyaman zai zo ya ga tsarin ya tabbatar masa da aiki, daga nan sai iyayensa su je gidansu neman aurenta. Ta sunkuyar da kai tana gyara hatimin da ba abin da ya same shi.

Ran Litinin ya tsaya gugar babbar riga, ya makara. Yana isowa ya tarar da takalma reras, daga na'urar har bakin titi. Mutane na inuwa abinsu.

"Wannan kuma fa?"

"Layin karɓar lamba ne," in ji wata tsohuwa.

Ya nufi ƙofa fuuu. Baba Tanimu ya gitta sanda.

"Lamba, yallaɓai."

"Baba, ni ne fa."

"Ai na gane ka. Da bakinka ka ce ko kai ne."

Ya miƙa hannu ga na'urar, tsohuwar ta ce, "Ɗan nan, tun hantsi silifas ɗina ke nan. Bi baya."

Jiniyar Ciyaman ta ƙaraso, wiii. Ba yadda zai yi, ya tuɓe sau-ciki ya ajiye a ƙarshe. Ashe safarsa ta ɓule, babban yatsa ya leƙo. Ƙasa kuwa zafi zau, ya dinga ɗaga wannan ƙafa yana sauke waccan.

Ciyaman ya sauko, ya dubi takalma, ya dubi na'ura.

"Ina ƙwararren da ya kawar da layin takalma?"

Bara'atu ta leƙo ta taga, ta ƙirga da bakin biro, a hankali ta ce:

"Ranka ya daɗe, yana nan tafe. Saura takalmi arba'in da ɗaya a gabansa."