Minjiryar da Ta Sa Na Kira Sunan Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar su, wato kamun kifin gayya, a garin Guri ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta. Lokacin ina saurayi, marini a birnin Haɗejia, tun Nasara ba su shigo ƙasar nan ba. Ina neman auren Fanna, 'yar wani masuncin Guri mai suna Bukar, shi kuwa ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda bai san ruwa ba. Ni da bakina na aika masa cewa na san ruwa sarai (ruwan rini nake nufi, amma ban fayyace ba).

Da ambaliya ta janye aka sa ranar su. Da na je, Bukar ya miƙo mini sankiya, kwandon nan marar gindi da ake kifawa a ruwa a zura hannu ta sama. Ya ce kifi yana jin takun mutum tun daga nesa, don haka in riƙa jan ƙafa, kada in ɗaga. In na kifa na ji ana bugun kwando, in sa hannu. In kuwa na ji motsi ɗaya sannan shiru, in dakata in jira ya zo ya duba. Ina ta gyaɗa kai, alhali idona na kan tudu, inda Fanna ke tsaye cikin mata.

Kifawa ta uku na ji motsi ɗaya, sai shiru. Na ce a raina wannan ya san ya haɗu da gwani. Na zura hannu har kafaɗa, na damƙi wani abu mai santsi da taushi.

Wallahi ji na yi kamar an doke ni da taɓarya tun daga yatsa har haƙora. Na faɗa cikin taɓo zaune, na kware baki: "Bukar! Bukar, aljani!"

Duk jama'ar da ke fadamar suka juyo suna kallona. Sunan surukin da ko 'yarsa ba ta furtawa, ni na yi shelarsa gaban garin Guri. Fanna ta rufe fuska da zane. Kunya ta kama ni, na tabbata aure ya tafi.

Bukar ya tako a hankali, ya ɗaga ni. Ya ce minjirya ce, kifin nan mai girgiza mutum, ba ta bin kowa, sai wanda ya taɓa ta take duka. Sannan ya dube ni yana danne dariya.

"Ɗana, ruwa kam ba ka san shi ba. Amma wanda tsoro ya kama ya kira ni, ai ya riga ya ɗauke ni uba."

Bayan girbin shinkafa aka ɗaura aure. Tun daga nan, in babba na magana nakan bar kallon tudu, kuma duk abin da ya yi shiru sai na tambaya kafin in sa hannu.