Bandar Riskuwa a Kasuwar Duniya

Yau da safe na yi layin mai, ni da ko keke ba ni da shi. Na dasa jarkata tsakanin wani ɗan kabu-kabu da wata tsohuwar akori-kura, ina matsawa taku ɗaya in tsaya, har rana ta take tsaka. Ɗan kabu-kabun ya dube ni, ya dubi jarka, ya ce, "Malam, ina mashin naka?" Na ce masa kwamfuta zan shayar. Sai ya ja babur ɗinsa gefe kaɗan, da alama ya gama yanke hukunci a kan lafiyar kaina. Da layi ya kusa zuwa kaina aka ce mai ya ƙare, alhali ina jin ƙarar duro ana cikawa ta bayan katanga. Na koma wajen 'yan bumburutu na saya da tsadarsa. Ban ga laifin ɗan kabu-kabun nan ba, don haka bari in ɗauko muku zancen daga tushe.

Maƙwabcina a unguwar Nasarawa sunansa Riskuwa. Mutumin Argungu ne, masunci ɗan masunta, amma gwiwa ta hana shi shiga ruwa, sai ya koma sarin kifi yana banda. Duk abin da ya mallaka a duniya yana cikin kwalayen tarwaɗa da ya jibge a ɗakin ƙofar gidansa. Shi ne jarinsa, shi ne kuma tuwon iyalinsa har damina ta wuce. Duk shekara idan zafi ya kama, Madam Keziya, wadda ta fi shekara goma tana zaune a garin nan tana kai kifi Anacha can kudu, takan zo da mota ta kwashe, ya sallama mata, kowa ya yi hamdala.

Bana sai Allah ya kawo mana ci gaba. Aka yi shela a rediyo cewa za a buɗe cibiyar koya wa ƙananan 'yan kasuwa ciniki ta intanet, kuma Mai Girma Sarkin Almakashi, Yanka-Ƙyalle na Ɗaya, shi da kansa zai halarta. Riskuwa ya ja ni don ina jin Turanci. Muka tarar da rumfuna, da makaɗa, da kwamfutoci a jere an lulluɓe su da farin yadi. Ranka ya daɗe ya miƙe ya shaida mana cewa daga yau talauci ya bar kwarin Rima. Ya ce mai kilishi zai sayar wa Turawa yana kwance a kan tabarmarsa, mai ɗinkin hula zai rufe kawunan mutanen Sin, matan Ambursa masu gumin shinkafa kuwa sai sun riƙa korar masu saye. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce babban maƙiyin talaka shi ne mai shiga tsakaninsa da mai saye, kada wanda ya ƙara ba ɗan tsakiya kayansa. Muka tafa. Aka raba lemo, bai kai layinmu ba.

A daidai wannan makon Madam Keziya ta zo. Ina zaune a ƙofar gida na ji Riskuwa yana ce mata, "Madam, ki yi haƙuri, bana kihina ya wuce Anacha. Ƙetare za shi."

Ta dube shi ta dubi ɗakin kwalaye, ta ce, "To, Malam Riskuwa, Allah ya kai shi lafiya. Amma zafin nan ba ya jiran jirgi."

Kashegari muka yi sammako zuwa cibiya, muka tarar da ƙofa da kwaɗo. Maigadi ya ce ai tun yammacin buɗewar aka loda kwamfutocin a mota, ana buƙatarsu a wani gari inda za a buɗe wata cibiyar. Da farko na so in ji haushi, sai da na gan su a talabijin, har da wata mai tsagaggiyar kusurwa da na shaida, ana sake yaye musu farin yadi a wani wuri. Nan na gane hikimar. Masu cewa manyanmu ba su iya tattali ba su zo su gani. Kwamfuta ɗaya ta buɗe cibiya ta kai biyar, kuma har yanzu ba wanda ya taɓa kunna ta balle ta tsufa.

Ba mu karaya ba. Akwai wani bawan Allah mai suna Silbanus da ya buɗe shagon intanet a bakin titi, da kwamfutoci uku da fanka mai kuka. Tun da masu wuta suka ɗauke ta muke jiran su tuna da unguwarmu, don haka dokar shagon ita ce, mai gaggawa ya zo da man janareto. Silbanus ya yi ta lalube har ya samo mana wani mutum a Legas da ya sa cigiyar bandar kifi mai yawa. Ya buɗe mana akwatin saƙo, ya ce mu rubuta masa irin kifin da farashinsa.

Riskuwa ya gyara zama, ya gyara hula, ya ce, "Rubuta mai: an wuni lahiya? Ina gajiya? Ya iyali, ya yara, ya kasuwa? Ya munka ji da zahi?"

Ina fassarawa ina neman haruffa da yatsa ɗaya. Da na gama na ce, "Sai kifin."

"Wane kihi? Mutum bai amsa gaisuwa ba in tare shi da ciniki? Aika haka nan."

Silbanus ya ce, "Baba, a nan komai a saƙo ɗaya ake haɗawa. Mutanen nan ba su da lokaci."

"In ba shi da lokacin gaisuwa, ina za shi samu lokacin biyana?"

Gaskiya ni ma a raina na ga maganar ta zauna. Muka aika gaisuwa zalla, janareto ya yi tari ya mutu, muka koma gida.

Sai da muka sake samun mai muka ga amsa. Mutumin Legas ya rubuto kalma biyu rak da Turanci, ma'anarsu, nawa ne. Na karanta wa Riskuwa, ya ce in duba ƙasa ko gaisuwar ta maƙale. Na duba, babu. Ransa ya ɓaci ƙwarai, har sai da Silbanus ya ba shi baki da cewa wataƙila mutumin yana cikin wani rashi ne. To nan ma wata sabuwa. Riskuwa ya ce a yi masa ta'aziyya in akwai dalili, game da kuɗi kuma, tun kakanninsa a bakin gulbin Matan Fada mai kaya ba ya fara yanka wa kayansa farashi. "Hwaɗa mai shi taya."

Haka muka shiga ciniki irin na kasuwar Argungu, sai dai kowace taya sai an yi mata layin mai. Mutumin ya taya, Riskuwa ya ce an yi wa kifinsa wulakanci. Bayan kwanaki ya ƙara kaɗan, Riskuwa ya ce a shaida masa tarwaɗa ce ta gulbi, ba ta kududdufi ba, in yana shakka ya zo ya shinshina. Cinikin da ake gamawa a tsaye kafin shayi ya huce, ya ci mana kusan wata guda.

Ran nan da hantsi Asiya, matar Riskuwa, ta aiko a kira ni. Na tarar da shi tsugune a ɗakin kwalaye, ya buɗe na ƙasa. Ya ɗago tarwaɗa ɗaya, kyakkyawa a ido, ya ɗan matsa ta sai ta ruguje a hannunsa, gari yana zuba, ƙwari suna gudu. Ya buɗe na biyu, haka. Ya mayar da murfin kwalin. Na daɗe ina yi wa mutumin nan tsiya, amma ranar tausayinsa ya kama ni har na kasa haɗa ido da shi. Daga bayan labule Asiya ta ce, "Malam, ka hwaɗa mai gaskiya. Motar Madam ta ƙarshe gobe taka tashi. In tat tahi, mi za mu ci da damana?"

Muka tafi gidan Madam Keziya da ƙafa, Riskuwa yana ɗingishi, yana ta shirya kalmomin ban haƙuri a hanya. Bai samu damar faɗarsu ba. Tana ganinmu ta sa aka shimfiɗa tabarma, ta tambayi gwiwarsa, ta tambayi Asiya, ta tambayi yaransa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har da wadda aka yaye. Ina kallon Riskuwa yana ta amsawa. Sai da ruwa ya zo muka sha sannan ta ce, "Yaya mutanen ƙetare?" Ta yi dariyarta mai isarta, ta ɗauki mayafi ta biyo mu. Ta zauna ta tsince kifin da hannunta, mai kyau gefe, gari gefe. Ta taya, ya ce a ƙara, ta ƙara, ya sallama. Abin da ya tsira zai kai su kaka in an yi tsimi. Riba kam ƙwari sun riga kowa.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Labari ya kai sama cewa akwai wani mai kifi a Nasarawa da ke ciniki da Legas ta intanet. Jiya sai ga motoci masu baƙin gilashi a lungunmu. Mai Girma Sarkin Almakashi ya fito, ya dafa kafaɗar Riskuwa aka ɗauki hoto, ya shaida wa rediyo cewa ga ɗan fari na cibiyarsa, wanda ya kori 'yan tsakiya ya kama kasuwar duniya. Akwai kwali ɗaya, zaɓaɓɓe, da Riskuwa ya ware domin miyar gidansa. Ranka ya daɗe ya ce wannan za a tafi da shi a matsayin samfur, a nuna wa masu saye na ƙetare. Wani ya buɗe bayan mota, kwali ya shiga.

To wannan ya kawo mu ga jarkar yau. Riskuwa ya ce ba a barin ciniki a buɗe, dole a yi wa mutumin Legas sallama. Muka zuba mai, Silbanus ya ja igiya, na shirya yatsa. Riskuwa ya gaishe shi, ya gaida iyalinsa, ya ba shi haƙuri cewa kaya sun tafi. Sannan ya ce, "Ƙara mai da cewa an aiko mai da ɗanɗano ta hannun manya. In ya iso, shi amsa gaisuwata."

Ni dai na rubuta na aika. A hanyar komawa na bi ta unguwar manya don in rage rana a inuwar bishiyoyinsu, sai wani ƙamshi ya tare ni ta saman katanga, har da citta da tafarnuwa. Don haka jama'a, duk wanda ya bi ta can a 'yan kwanakin nan ya ji farfesun tarwaɗa, ya rage sauri ya gyara hula, kasuwar duniya ce yake wucewa.