Rasuwar Mai Gilashi, Allon Gindin Dogonyaro

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Muntari Gambo na Minanata nake sanar da 'yan majalisar gindin dogonyaro rasuwar allonmu na sanarwa, wanda muke kira Mai Gilashi. Ya cika jiya Laraba gab da magariba, yana da shekara huɗu da wata bakwai. Kalmar da ake faɗa idan an yi rashi, kowa ya faɗe ta da bakinsa. Ni ba zan rubuta ba, dalili yana ƙarshen takarda.

An haifi marigayin a rumfar Bawa kafinta, shekarar da motoci suka koma hannun dama. Katakonsa na maɗaci ne. Gilashinsa daga kabad ɗin wani mai gyaran agogo ya fito, akwai ɗan kumfa a kusurwarsa wanda in ka sa ido za ka ga jakai suna tafiya ƙafafu sama. Na sha yin hantsi ina kallon duniya ta nan, sau da yawa ta fi kyau. A gindinsa akwai akwati mai tsaga. A goshinsa, da jan fenti, Bawa ya rubuta: MAI KULA, MUNTARI GAMBO. Ranar na yi murna har na kira matata Delu ta leƙo ta gani.

Marigayin mai haƙuri ne, mai riƙon amana. Duk mai magana yakan rubuta ya jefa a akwati, boko ko ajami, da suna ko babu. Ran Jumma'a in buɗe in tace. Wadda ta cancanta ta shiga bayan gilashi, a yi mako ana tattauna ta bayan la'asar. Ta haka muka yi muhawara kan ko da gaske mutum ya taka wata, da dalilin da ya sa man fetur ke fita daga ƙasa amma kananzir ke wuya. Dokokinmu uku ne kawai: ba zagin iyaye, ba talla, ba maganar masu kaki. Wadda ta karya doka, murhun Delu ne makomarta.

Bai taɓa ɗaga murya ba. In an buɗe shi ya ce ƙiii. In an kulle kwaɗo ya ce ƙaras. In takarda ta faɗa cikinsa ya ce shaf, kamar mai ajiyar zuciya. Iyakar maganarsa ke nan a duniya, kuma babu wanda ya taɓa shiga uku saboda ita.

Ciwon ajalinsa ya fara ne shekarar da aka ƙara wa ma'aikata albashi, kowa ya sayi babur, kowa kuma ya sami abin sayarwa. Hayatu mai maganin basir ya jefa talla sau tara, sau tara tana shan wuta. A ta goma sai ya rubuta a samanta kalmar da Musulmi ke faɗa kafin ya kai loma baki, da babban rubutu, har da wasali. Na tsaya gaban murhu da ita a hannu, na kasa. Karatuna bai yi nisa ba, amma tun ina yaro na san takarda mai ɗauke da suna mai girma ba a taka ta, ba a yar da ita. Ban liƙa ba, don talla ce. Ban ƙone ba, don tsoro. Na kai ta ɗaki na sa a buhu.

Hayatu ya ba da labari a kasuwa.

Daga nan marigayin bai sake samun lafiya ba. Mai sayar da agogon da ba ya tafiya, mai neman abokin caca, mai gyaran rediyo, duk suka koyi buɗe takarda da suna mai girma. Har wata ta zo tana cewa duk wanda ya karanta ya kwafa sau bakwai ya raba, wai wani direba ya ƙi, motarsa ta faɗa gulbi. Ba na ɓoye muku, na kwafa. Da na rasa wanda zan ba, sai na jefa su bakwai ɗin a akwatin marigayin, Jumma'a na buɗe na hana su shiga.

Sai kuma waɗansu takardu suka fara zuwa, marasa suna, rubutu mai kyau irin na masu ilimi. Su ba talla suke yi ba. Tambaya suke yi: ina kuɗin mai ya shiga, wa ya gina bene da simintin asibiti, wane mai kaki ne ya sayi gona har uku. Su ma da suna mai girma suke buɗewa. Su ma buhu. Yau buhu uku ne cike a ƙarƙashin gadona, kuma ban san ko kashi nawa ne maganin basir, kashi nawa ne abin da ke kai mutum inda ba a ziyara.

Jiya da safe na tarar an fasa gilashin. A tsakiyar allo an kafa takarda da ƙusa, da sunan wani babba ƙarara da abin da aka ce ya ci. Daidai samanta kuma jan fenti: MAI KULA. Kafin in cire, mutane sun taru. A cikinsu akwai wani baƙo mai farar riga da takalmi mai sheƙi, Hausarsa ba ta nan ba ce. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya fito da ɗan littafi ya kwafi sunana, harafi harafi, ya tambaya ko irin wannan ta saba zuwa.

Malami mai goro, wanda bakinsa ba ya da murfi, ya amsa don ya wanke ni: “Ranka shi daɗe, ai tsoho ba shi liƙa irinsu! Ba shi ko yad da su, duk suna nan ƙarƙashin gado nai!”

Baƙon ya yi murmushi. Ya ce ran Asabar zai dawo da abokansa su gaishe ni a gida.

Da yamma ni da Bawa muka sauke marigayin daga jikin itace. Ya ce ƙiii sau ɗaya, bai ƙara ba. Bawa ya sa abin fira ya kankare goshinsa har sunana ya zama gari. Na share garin na zuba a aljihu, ban san me ya sa ba.

Delu ta hura wuta ta ce, “Malam, kawo su mu huta! Takarda ta fa, ba ɗiyanka na ba!” Na ɗauko buhu har bakin murhu, hannuna ya ƙi. Na tafi wajen Malam Siddiƙu limaminmu. Ya saurare ni ya ce, “Muntari, shekara biyu kana kwana bisa wanga abu ba ka tambaya ba? Ƙonewa ta halatta. In zuciyarka ba ta iyawa, ka bizne su wuri mai tsarki.”

Marigayin ya bar kwaɗo ɗaya da makulli, da ƙusoshi goma sha shida, da majalisa mai mutum ashirin waɗanda tun jiya kowa ke bin wata hanya zuwa masallaci. Ya bar ni. Ɗan kumfan gilashin na tsince shi cikin ƙasa. Na duba ta ciki, ban ga komai ba sai yatsana.

Za a yi jana'iza gobe Jumma'a da an fito sallar asuba, a gonar surukina da ke Dundaye, gefen da dabbobi ba sa bi. Za a ɗauki marigayin da buhunansa uku a amalanke, a rufe da harawa. Bawa ya ce taki ya fi ɓoyewa, na ce ba a kan wannan suna ba. Ana bukatar mutum huɗu masu ƙarfi da magirbi biyu, ramin ya kai ƙirji. Kada a zo a ayari. Ba zaman makoki, ba sadakar uku. Malami ya yi zamansa a gida, mun yafe masa. Hayatu kuwa ya zo, shi zai fara haƙa.

Wanda aka tambaya game da ni ran Asabar, ya ce tsoho ne mai kallon jakai ta gilashi. Gaskiya ce, ba za ku yi ƙarya ba.

Kada a liƙa wannan sanarwa ko'ina, a miƙa ta hannu da hannu. Ku duba ta tun daga sama har ƙasa: ban buɗe ta da suna mai girma ba, ban sa shi ko sau ɗaya a ciki ba, ko da yake tun jiya ba abin da bakina ke faɗa sai shi. Wanda ya karanta na ƙarshe, ya sa ta a wuta.