Miyar da Na Kashe a Hanyar Salalah

Shekarata bakwai ina aikin lantarki a wani kamfani a unguwar Al Khabaisi, amma ni na kashe abincin mutum goma.

Hutun babbar salla ne, muka ari tirela mai ɗaki da firji za mu garin Salalah. Matata ta kwana biyu tana girki, ta cika firjin da naman layya, miyar taushe da kunun aya. Muna ɗaura tirelar a bayan mota, Malam Isufu, ɗan Maraɗi mai gyaran mota a unguwar Deira, wanda da shi za mu tafi, ya ce mini, "Injiniya, ka tabbata motar tana tura wa batirin tirela caji? Firji na shan wuta fa."

Na ce, "Khalas, an gama, Malam Isufu. Ba ga fitilun baya suna kamawa ba?" Har da dafa masa kafaɗa.

Ashe layin fitilu daban, na caji daban, kuma na cajin ko fis ɗin da ke haɗa wutar babu. Tun a hanya batirin ya ƙare, firji ya mutu. Da la'asar muka tsaya tsakiyar hamada, yara na kukan yunwa. Matata ta buɗe firji, ta mayar ta rufe, ta dube ni. Miyar ta yi kumfa, robar kunun aya ta kumbura tim. Burodi muka ci da ruwa mai ɗumi, Malam Isufu na kwance ƙarƙashin mota yana gyara.

Har yau, duk walimar da aka kawo zoɓo ba sanyi, sai wani ya ɗaga murya: "Injiniya ne ya duba firjin?"