Rasuwar Bunsuru, Babur Ɗin da Bai Taɓa Ba Kowa Wurin Zama Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tare da miƙa wuya ga abin da ba makawa, Remei Sallés ta gidan saman tudu, ƙauyen Rocafreda, tana sanar da dangi, maƙwabta da dukan mahaya duwatsun wannan yanki na Kataloniya rasuwar babur ɗinta, wanda aka fi sani da Bunsuru. Rai ya yi halinsa ranar Lahadin da ta wuce, da hantsi, a kan falalen dutsen bakin rafi, a gaban mutanen gari. Ya rasu yana da shekara ashirin da shida, wata takwas daga ciki a hannunta. Ya mutu a tsaye, kamar yadda ya rayu.

Mai wannan sanarwa ba ta yi nisa a makaranta ba, takardun marigayin kuma sun ɓace tun a hannun mai shi na biyu. Abin da ta iya tunawa shi ta rubuta. Wanda ya ga kuskure ya riƙe a ransa.

Marigayin babur ɗin hawan duwatsu ne, irin wanda ba a yi wa wurin zama. Talaka da attajiri, duk wanda ya hau shi a tsaye ya hau. Bai san gudu ba, bai kuma taɓa neman ya sani ba. Ba shi da madubi, don haka bai taɓa waiwayen abin da ya wuce ba. Cikinsa ɗan ƙarami ne, kwalba biyu ta fetur da ɗigon baƙin mai sun ishe shi wuni. Aibinsa wari da surutu, nan ma ya samo sunansa. In ya tashi da safe yana rin-din-din-din, har limamin coci sai ya dakata da addu'a.

Kowa a nan ya san Remei. Shekara ashirin da bakwai tana alƙalanci a gasar babura ta ƙauye ta kowace kaka, a mashigar rafi. Mahayi ya sa ƙafa a ƙasa, ta ɗaga yatsa ɗaya. Ya faɗi, ta buɗe biyar. Ya wuce ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba, ta ɗaga dunƙulallen hannu, wato ba shi da laifi. Hannun nata bai cika dunƙulewa ba, shi ya sa ake ce mata Uwar Biyar. Ko mijinta Cisco, Allah ya ji ƙansa, bai tsira ba. Amma duk tsawon shekarun nan ita kanta ba ta taɓa ɗora ƙafa a kan babur ba.

Da sanyin da ya wuce ta zame a matakalar akurkin kaji ta karye a tsintsiyar hannu. Kafin a kwance ɗauri, ɗanta Oriol ya taso daga birnin Vic da kwalaye cike da bayan mota. Wai ta tsufa da zaman tudu ita kaɗai, ya gyara mata ɗaki a benensa, hawa na huɗu. Maganar ta bi su har shagon Genís mahauci, a gaban mutum shida masu jiran nama.

"Inna, likita fa ya ce ƙafarki ba ta riƙe ki yanzu."

"Ƙafar da ta yi shekara ashirin da bakwai a tsaye cikin rafi?"

"Tsayuwar yi wa mutane hukunci daban ce. To, ki wuce wurin nan da kike ɗaga wa mutane biyar, ke ma ba ki sa ƙafa ba. Ranar nan ni da hannuna zan kwashe kwalayena."

Aka tuntsire da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta juya ga mahaucin ta ce, "Genís, tsohon babur ɗin nan naka da ke bayan shago, na sayarwa ne ko ajiyar gizo-gizo?"

Haka marigayin ya shigo gidanta. Ba ta iya hawa ba, amma ta ga babura dubu sun mutu a gabanta, don haka ta san abin dubawa. Ta taɓa injin ta ji da ɗumi, ta ce Genís ya tayar da shi a ɓoye don ya rufe asirinsa, ta tafi gida ta dawo washegari tun bai buɗe shago ba. A sanyinsa, bugu na bakwai ya tashi. Ta girgiza tayoyi, ta leƙa farantin ƙarƙashin injin ta gan shi a lanƙwashe kamar tsohuwar tasa.

"Wannan lotsawar na san ta," in ji ta. "Ni na ba ka biyar ranar."

"Ke dai ba kya mantuwa, Uwar Biyar. Ɗauki, Allah ya haɗa ki da alƙali irinki."

A nan ya kamata a faɗi haƙurin marigayin. Wata uku na farko a ɗakin girki ya yi su, tsakanin murhu da kabad, injin a kashe. Genís ya ce haka ake fara koyo: a karkata kan babur har ƙurya, a matse birki biyu, a miƙe a kan matakai, a buɗe gwiwa, a tsaya cak. "Kada ki kalli taya," in ji shi, "inda ido ya je nan jiki yake bi." Sai ta riƙa kallon hoton Cisco a bango. Ranar farko ba ta kai ƙirga uku ba ta auka wa kabad, ƙofarsa har yau ba ta rufuwa. Bayan mako biyu tana iya tsayuwar gajeruwar addu'a. Kafin zafi ya shigo, tana ɗora ƙwai a wuta ta hau, ba ta sauka sai ya dahu. Babur ne da ya taɓa hawan tsaunuka da mazaje, ga shi ya koma agogon dafa ƙwai, amma bai taɓa nuna an ci masa mutunci ba.

Daga nan suka fita tsakar gida, suna zagaya rijiya da itacen zaitun a hankali, yatsa ɗaya a kan kuloci. Ya kayar da ita cikin kabeji sau biyu. Ta yafe masa, don duk biyun ita ce ta kalli kabejin. Oriol kuwa kowace Lahadi sai ya zo ya duba gwiwoyinta, ya ƙara jera kwalayensa a zaure.

Ga yadda ajali ya zo. Kwana uku kafin gasa aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, rafi ya ƙaru. Tunda Remei ta shiga gasar a sahun masu koyo, sai aka rasa alƙalin mashigar rafi, ita da kanta ta ce a ba Oriol. A gindinta ya koyi aikin, bai san sani ko sabo ba.

"Inna, ruwan nan ya yi yawa. Mu bar wasan nan, don Allah."

"Matsa ka riƙe hannunka da kyau, Alƙali."

Marigayin ya shiga rafin yana rin-din-din kamar kullum. A tsakiya tayar gaba ta faɗa wani rami, ya shaƙi ruwa. Da wani ne, nan zai kwanta. Shi kuwa ya yi tari, tuf, tuf, ya ja jiki ya fito, ya haye falalen dutse da ita a kansa. A can sama ya yi wata ƙara, ƙwas, ya yi shiru. Saura taku uku su kai tutar fita.

Wani daga cikin waɗanda ta sha ɗaga wa hannu ya yi ihu, "Biyar! Injin ya mutu, biyar!"

Remei ba ta waiwaya ba. Ta karkata kan babur, ta matse birki biyu, ta buɗe gwiwa. Inji a kashe, ai nan ne ɗakin girkinta. Ta ce, "Je ka karanta dokar ƙauyenku, ɗan nema. Ƙafata tana ina?"

Karyayyen hannun yana zogi, kuma babu hoton Cisco da za ta kalla. Sai ta kafa wa ɗanta ido, yana tsaye daidai tutar fita, fuskarsa kamar ya ga gawa. Ta daidaita kan babur a hankali, ta matse kuloci, ta saki birki, ta kwanto gaba. Dutsen yana da ɗan gangare. Gawar Bunsuru ta gangara da ita shiru, ba hayaƙi ba surutu, har tayar gaba ta wuce tuta.

Oriol ya dubi takalmanta, ya dubi jama'a. Hannunsa ya daɗe kafin ya tashi. Da ya tashi, a dunƙule yake.

Bakanike ya buɗe injin ranar Litinin, ya ce ruwan ya lanƙwasa ƙarfen da ke cikin zuciyarsa, gyaran kuma ya fi ƙarfin shekarunsa.

Marigayin ya rasu ya bar uwar ɗakinsa Remei, mai shekara sittin da uku. Ya bar hular kwano ɗaya mai tsaga, da galan ɗin haɗa masa mai, wanda har yanzu rabi ne. Ya bar Genís, wanda yake ta gaya wa mutane shi ya yi masa tarbiyya. Ya kuma bar kaji goma sha huɗu, waɗanda suka koma yin ƙwai tun ranar Talata, abin da iyali suka ɗauka rashin kara ne.

Ba za a binne shi ba, ba kuma za a ba masu sayen ƙarfe ba, kada ma su wahalar da kansu hawan tudu. Za a mai da shi ɗakin girki, wurinsa na da, tunda aikin da ya fi ƙwarewa a kai ba ya bukatar inji. Za a karɓi gaisuwa ranar Asabar bayan an taso daga coci, a gidan saman tudu, inda mai makokin take zaune kuma za ta ci gaba da zama. Akwai burodi da tumatir da man zaitun, Genís zai gasa katantanwa. Oriol ya kwashe kwalayensa kamar yadda ya yi alkawari, sai guda ɗaya da aka roƙe shi ya bari, a shimfiɗa a ƙarƙashin gawar saboda ɗigar mai.

Kada kowa ya kawo fure. Kada kuma kowa ya nemi kujera. Don girmama marigayi, a tsaye za a yi zaman makoki.