Matatar Man Garnet a Tsakar Gida

"Waɗannan kamfanonin ɓata wuta kawai suke yi!" in ji Garnet, yana dukan ƙirji. "Ni da tukunya ɗaya zan tatse mai daga yashin nan, garin Fort McMurray kaf ya zo yana roƙona."

Kai da ba ka san Garnet ba sai ka ɗauka injiniya ne. Tayoyin motocin ɗibar yashi yake wankewa a kamfanin mai, amma in ya buɗe baki har kogin Athabasca yakan yi shiru ya saurara.

Ana gobe bikin 'yarsa, matarsa Loretta ta tafi karɓo rigar amarya. Ta bar tukwanen gas biyu da ƙatuwar tukunyar girki, ta ce na dafa wa baƙi naman mus ne, wata barewa da ta kusa raƙumi girma. Tana fita gogan naka ya juye baƙin yashi mai kwalta da ya kwaso daga bakin kogi cikin tukunyar girkin, ya tuttula ruwa, ya kunna wuta.

Maƙwabcinsa Alphonse ya leƙo ta kan shinge. "Sarkin Kwalta, miyar me ake yi?"

"Miyar arziki, ɗan'uwa. Ka fara gaishe ni tun yanzu, gobe sai da layi."

Ruwa ya tafasa, baƙar kumfa ta taso, Garnet ya yaɗe ta da cokali yana rawa. Dusar ƙanƙara na sauka a hankali, tana mutuwa a bakin tukunyar. Gas na farko ya ƙare, ya jona na biyu. Shi ma ya yi tari ya mutu.

"Saura ƙiris!" in ji shi. Ya zuƙe man motarsa tas, ya ɗura wa janareta, ya jona risho mai lantarki.

"To, da me za ka je sayo gas ɗin Loretta?" in ji Alphonse.

"Mai rijiyar mai ake wa wannan tambayar?"

Da janareta ya yi shiru, abin da matatar ta haifa bai wuce cikin kofin shayi ba. Sai ga Loretta. Ta dubi tukunyarta, ta girgiza tukwanen gas, ta dubi mijinta.

"Garnet, da me zan dafa wa surukanmu nama?"

"Kwantar da hankalinki, masoyiya. Yanzu zan zuba wa mota wannan, in je in dawo."

Ya kifa kofin a bakin tanki. Shiru. Ya jijjiga, ya bubbuga, ya yi masa magiya. Sanyi ya riga ya daskarar da kwaltar kamar dutse.

"Sai ka ɗan ɗumama shi," in ji Alphonse, yana share hawayen dariya. "Kana da gas?"

A ƙafa Garnet ya ja naman a kan keken katako marar taya da ake ja bisa ƙanƙara, gida gida, yana roƙon aron murhu da tukunya, yara na binsa suna kiran Sarkin Kwalta.

Washegari aka jera wa baƙi nama yana tururi. Garnet ya gyara zama kusa da uban ango, ya fara ba shi labarin harkar mai. Loretta ta zo ta dire masa kofin nan a gabansa, cokali a tsaye cikinsa ƙiƙam.

"Kowa abin da ya dafa zai ci," in ji ta. "Bari ya huce tukuna, ranka ya daɗe."